yum ya daina aiki a CentOS 7, yana cewa bai ga mirrorlist ba, mafita don Allah

Sadiq_Kn

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman taimako a kan wata saba da aka damƙa min a makarantar da nake aiki, CentOS 7 ce a kanta, wato wani nau'in Linux, ita ke riƙe da manhajar sakamakon ɗalibai da ta kuɗin makaranta, wanda ya haɗa ta tun asali ya bar aikin kuma ba a samun sa. Sabar tana aiki lafiya lau, malamai na shiga suna saka maki, matsalar kawai duk abin da na ce yum, wato mai sauko da manhajoji ya saka a sabar, ya saka min sai ya ƙi. Ko ƙaramin abu irin unzip ne. Ga abin da yake fitowa:

Could not retrieve mirrorlist http://mirrorlist.centos.org/?release=7&arch=x86_64&repo=os
14: curl#6 - "Could not resolve host: mirrorlist.centos.org, Unknown error"
Cannot find a valid baseurl for repo: base/7/x86_64

Intanet akwai, don idan na yi ping google.com yana amsawa. Na kashe rawuta na kunna, na canza layi, duk ɗaya. Shin netwok ɗinmu ne ya toshe wajen ko kuwa wani abu ne ya lalace a cikin sabar? Kuma gaskiya ina tsoron taɓa abin da ban gane ba saboda sati mai zuwa za a fara saka sakamakon zango, idan ta tsaya a hannuna ni za a kama.

Bash_Gwammaja

Wa alaikumus salam. Ina ga DNS ne oga, wato abin da ke juya sunan waje zuwa lambar adireshinsa, buɗe /etc/resolv.conf ka sa nameserver 8.8.8.8 a sama sai ka sake gwadawa, sau da yawa shi ke nan.

Sadiq_Kn

Na gode ɗan uwa, na sa, bai canza ba. google na buɗewa, centos.org ma na amsawa, mirrorlist ɗin ne kaɗai baya zuwa.

MalamHabu

Wa alaikumus salam Sadiq. Kwantar da hankalinka, ba abin da ya lalace a sabarka kuma ba netwok ɗinku ba ne. Shawarar Bash ba laifi ba ce don saƙon da yum ya bayar kamar na DNS yake, amma gwajin da ka yi da kanka ya riga ya ba ka amsa: duk sunaye na amsawa ban da guda ɗaya, to wannan ɗayan ne aka cire daga duniya.

CentOS 7 ta fito a 2014, wa'adinta ya ƙare ranar 30 ga Yuni 2024. Bayan nan sai masu kula da ita suka kashe mirrorlist.centos.org gaba ɗaya. Ita dama wannan adireshin ba fakej take bayarwa ba, aikinta kawai idan yum ya tambaye ta sai ta miƙo masa jerin miro, wato sabobin jami'o'i da kamfanoni a ƙasashe daban-daban da ke ɗauke da kwafin rumbun CentOS, shi kuma ya zaɓi wanda ya fi masa sauri. Yanzu mai ba da jerin babu shi, su ma miro ɗin akasarinsu sun goge fayilolin 7 don su samu fili. Kamar shago ne da aka rufe aka kwashe ragowar kayan aka kai sito, kayan na nan za ka iya zuwa ka ɗauka amma sabo ba zai sake shigowa ba. Siton shi ne vault.centos.org.

Kafin ka taɓa komai ka kwafe fayilolin repo ɗinka tukuna, wato masu gaya wa yum rumbunan da zai ɗauko fakej:

cp -a /etc/yum.repos.d /root/repos-tsoho

Sannan ka buɗe /etc/yum.repos.d/CentOS-Base.repo. Za ka ga sashe-sashe, base da updates da extras da centosplus. A kowane ɗaya akwai layin da ya fara da mirrorlist= sannan a ƙasansa akwai baseurl= da aka sa masa # a gaba. Juya su za ka yi, ka sa # a gaban mirrorlist, ka rubuta sabon baseurl. Na ukun farko kenan:

baseurl=https://vault.centos.org/7.9.2009/os/$basearch/
baseurl=https://vault.centos.org/7.9.2009/updates/$basearch/
baseurl=https://vault.centos.org/7.9.2009/extras/$basearch/

kowanne a sashensa, na os a base. centosplus ka bar shi, dama a kashe yake zuwa. Kada 2009 ɗin ta ruɗe ka, ba shekarar 2009 ba ce, 20 shekarar 2020 ce 09 kuma watan tara, ita ce fitowa ta ƙarshe a jerin 7. Bayan ka adana sai

yum clean all
yum makecache

clean all ɗin dole ne, don yum na ajiye tsohon bayani a /var/cache/yum kuma zai ci gaba da dogaro da shi yana ba ka ciwon kai a banza.

Za ka ga a intanet ana ta yawo da wasu layuka biyu na sed, umarnin canza rubutu a cikin fayil, da ke yin wannan canjin a fayiloli duka lokaci ɗaya. Suna aiki, amma ni ban so ka fara da su tunda ba kai ka haɗa sabar ba kuma ba ka san me ke cikin wannan folda ba. Sashe uku ne kacal, ka yi da hannu ka ga abin da kake canzawa da idonka. Ka kuma turo mana abin da ls /etc/yum.repos.d ya nuna, don na tabbata akwai wasu repo ɗin bayan na CentOS.

Sadiq_Kn

Allah ya saka da alheri Malam, wallahi yanzu na gane abin da ke faruwa. Na yi yadda ka ce, waccan matsalar ta tafi amma wata ta fito, yanzu yana cewa [Errno 14] curl#60 da maganar Certificate, wai bai yarda da satifiket ɗin vault ba. A foldar kuma akwai su CentOS-Base da CentOS-Media da sauran na CentOS, sai epel.repo, sai CentOS-SCLo-scl.repo da CentOS-SCLo-scl-rh.repo. Wani abokina da na tura wa hoton ya ce in sa sslverify=0 da gpgcheck=0 a /etc/yum.conf komai zai wuce, in sa?

Zainab_Samaru

A'a Sadiq, don Allah kar ka sa. Rubuta date tukuna ka gaya mana me ta nuna.

Sadiq_Kn

Ikon Allah. Malama agogon ya koma baya da shekaru, ba ma kusa ba.

Zainab_Samaru

Yauwa, abin da na zata kenan. Kowane satifiket yana da ranar da ya fara aiki da ranar da zai mutu, idan agogon na'urarka na wata shekara can baya to a wajenta satifiket ɗin vault bai ma fara aiki ba, dole ta ƙi shi. Wannan matsalar tana yawan samunmu a nan saboda yawancin sabobin da ake sayowa na hannu ne, ɗan batirin da ke kan madabod mai kama da kwabo, CR2032, ya riga ya mutu, ga kuma ɗauke wuta, duk sanda na'urar ta mutu ta tashi sai lokaci ya koma inda ya ga dama. Gyara na yanzu:

timedatectl set-timezone Africa/Lagos
timedatectl set-ntp true
chronyc makestep
hwclock -w

idan chrony, mai daidaita agogo ta intanet, baya kan sabar ko ya ƙi, ka sa lokacin da hannu da date -s sannan hwclock -w. Amma ka sayi batirin ka canza, a wajen masu gyaran agogo ma ana samu, in ba haka ba gobe aka ɗauke wuta ka dawo gidan jiya. Kuma ka duba manhajar sakamakon taku da kyau, don duk rasit ɗin da aka buga ko makin da aka shigar a lokacin da agogon ke karkace to da ranar ƙarya aka rubuta shi, wannan ma ya fi yum ɗin muhimmanci a ganina.

Idan ka gyara agogo har yanzu curl#60 na nan, to fakejin ca-certificates ne ya tsufa. Sabar da ta daɗe ba a yi mata ofdet ba tana rasa sabbin tushen satifiket, misali wani tsohon tushe da Let's Encrypt ke jingine da shi, DST Root CA X3, ya mutu 30 ga Satumba 2021 kuma ya wahalar da tsofaffin na'urori da yawa a lokacin. A nan sai ka sauke rpm ɗin ca-certificates daga foldar updates ta vault da wata kwamfuta, ka ɗauko a filash, ka saka da yum localinstall ko rpm -Uvh.

Maganar abokinka kuwa, abu biyu ya haɗa kuma ba nauyinsu ɗaya ba. sslverify na duba ko da sabar gaskiya kake magana. gpgcheck kuma na duba sa hannun da ke jikin kowane fakej, yana gwada shi da makullin da ke /etc/pki/rpm-gpg/RPM-GPG-KEY-CentOS-7, shi ne ke tabbatar maka cewa abin da ka sauke daga CentOS ya fito kuma ba wanda ya cusa masa wani abu a hanya. Saboda wannan sa hannun ne ma tun farko aka iya yarda kowa ya buɗe miro a ko'ina. Kuma ka tuna duk fakej da yum ya saka da ikon root, wato cikakken iko a kan sabar, yake gudanar da abin da ke cikinsa. Ka kashe su biyun a yum.conf kenan ka buɗe ƙofa ga kowane repo da ke kan sabar, kuma irin wannan canjin ba a komawa a gyara, mantawa ake yi. Sabar da ke ɗauke da sunayen yara da lambobin iyayensu ba wajen wannan gangancin ba ne.

Sadiq_Kn

Na gode sosai Malama, agogon ne. base da updates da extras duk sun wuce yanzu. Saura epel yana ba da HTTP Error 404 a kan repomd.xml, su SCLo kuma har yanzu mirrorlist suke nema, kuma saboda su komai na tsayawa.

MalamHabu

Madalla, ka kusa. Haka yum yake, repo ɗaya idan ya ƙi sai ya riƙe sauran. In kana gaggawa kana iya tsallake su na ɗan lokaci da yum --disablerepo=epel,centos-sclo-rh,centos-sclo-sclo install unzip, amma gara a gyara.

404 daban yake da na farko. Can sunan ne babu shi, nan kuwa sabar na raye ta amsa maka, fayil ɗin ne ta ce ba ta da shi. repomd.xml shi ne fayil na farko da yum ke nema a kowane rumbu, a cikinsa aka rubuta inda sauran bayanan suke. Buɗe epel.repo, na fi zaton wanda ya riga ka ya rubuta adireshin wani miro kai tsaye saboda ya fi masa sauri a lokacin, shi kuma miron ya goge 7. EPEL rumbun ƙarin fakej ne na mutanen Fedora ba na CentOS ba, don haka ba ya vault, nasu wajen ajiyar daban:

baseurl=https://archives.fedoraproject.org/pub/archive/epel/7/$basearch/

idan akwai layin metalink ka sa masa #. Kafin ma ka kira yum ka saba da gwada adireshi da curl -I, ka ƙara repodata/repomd.xml a ƙarshensa ka sa x86_64 a madadin $basearch, in ka ga 200 to hanya ta yi, in 404 ka san rubutun ne ba daidai ba. Yana rage ɓata data da lokaci.

Na SCLo kuma, wato rumbun sabbin fitowar manhajoji irin su PHP, su ma suna vault, .../7.9.2009/sclo/$basearch/rh/ na fayil ɗin rh, ɗayan kuma .../7.9.2009/sclo/$basearch/sclo/. A nan ne masu sed ɗin can ke faɗawa rami, don a ɗaya daga fayilolin akwai tazara tsakanin # da baseurl, sai sed ya kashe mirrorlist amma ya kasa buɗe baseurl, repo ya zauna ba shi da adireshi ko ɗaya mutum ya rasa dalili.

In vault ya yi maka nauyi, akwai masu riƙe da kwafinsa, archive.kernel.org/centos-vault da kuma na CERN wato linuxsoft.cern.ch/centos-vault. Da gpgcheck a kunne duk wanda ka ɗauka ba matsala.

Dan_Damagaram

Sannunku da aiki. Ni Ubuntu da Debian nike riƙewa amma ciwon ɗaya ne, bari in ƙara don wanda zai zo nema daga baya. A Ubuntu fitowar da ba LTS ba, wato ba mai dogon wa'adi ba, wata 9 kawai take yi, bayan ta mutu ana kwashe ta zuwa old-releases.ubuntu.com, apt sai ya riƙa cewa does not have a Release file. Gyaran shi ne a canza archive.ubuntu.com da security.ubuntu.com zuwa old-releases a sources.list. Amma a duba tukuna, don LTS irin su 18.04 da 20.04 suna nan a archive ba a kwashe su ba, in ka canza musu sai ka ɓata abin da ke aiki. Debian kuma archive.debian.org ne, su jessie da stretch duk suna can. Maganar agogon da Malama ta yi ma apt na yin ta, shi cewa yake Release file is not valid yet.

Sai dabara ɗaya ga mai ƙarancin data irinmu: in na'urorin CentOS 7 ɗin sun fi ɗaya, kar kowace ta riƙa jawo abu ɗaya daga waje. A sauke faifan Everything na 7.9.2009 sau ɗaya, ya kusa giga 10, a ɗora shi a kunna repo ɗin c7-media da ke cikin CentOS-Media.repo, ko a jawo updates da reposync a yi masa createrepo a ajiye a gida. Tunda rumbun ba zai sake canzawa ba, saukewa ɗaya ta isa har abada.

Sadiq_Kn

Alhamdulillah komai ya wuce, yum repolist ya nuna su duka, na saka unzip. Yanzu ya ce akwai ofdet masu yawa har da kernel, wato zuciyar Linux ɗin, in yi yum update gaba ɗaya? In na yi shi ke nan sabar ta dawo daidai ko?

MalamHabu

A nan nake so ka saurare ni da kyau Sadiq, don wannan ya fi duk abin da muka yi a sama.

Ofdet ɗin ka yi shi, amma ba wannan satin ba kuma ba kafin bakof ba. Ka fara fitar da database ɗin da mysqldump, ka kwafe foldar manhajar da /etc, ka ajiye a wani faifai da ba ya jikin sabar, sannan ka gwada dawo da shi a wata kwamfuta ka ga ya buɗe da gaske. A bari a gama saka sakamako, ranar da ba kowa sai ka yi. Tsohon kernel ba ya gogewa, in sabon ya ba da matsala kana iya zaɓar tsohon a allon farko na tashi.

Amma ko ka yi, sabar za ta tsaya ne a inda CentOS 7 ta tsaya a tsakiyar 2024. Daga ranar duk wata ɓaraka da aka gano a kernel 3.10 ko OpenSSH ko Apache ɗin da ke kanta ba mai toshe maka ita a vault. Abin da ke damuna da wannan gyaran kenan, yana sa mutum ya ga yum ya ce No packages marked for update sai ya ɗauka yana kan na ƙarshe, alhali rumbun ne ya daskare. Na ga sabobi da yawa da aka juya zuwa vault aka ce za a yi ƙaura bayan sallah, har yau suna nan. Akwai kamfanonin da ke sayar da ƙarin tallafi na 7, Red Hat na yi wa masu RHEL, wato Linux ɗinta na kuɗi, TuxCare na yi wa CentOS, amma da dala ake biya, ban ga makaranta za ta ɗauka ba.

Kada kuma ka ce za ka hau CentOS 8, ita ta ma riga 7 mutuwa. A Disamba 2020 aka sanar da yanke wa'adinta zuwa ƙarshen 2021 aka koma kan CentOS Stream, Stream 8 ɗin ma ta ƙare a Mayu 2024. Wannan ne ya haifar da AlmaLinux da Rocky Linux, Rocky ɗin Gregory Kurtzer ne ya fara ta, ɗaya daga waɗanda suka kafa CentOS tun farko. Duka biyun kyauta ne kuma hannunka ba zai baƙunta ba, 8 ɗinsu na samun gyaran tsaro har 2029, 9 kuma har 2032.

Mutanen Alma suna da wani abu ELevate da ke ɗaga 7 zuwa 8 a kan na'urar ba tare da an goge ba. Yana aiki, amma ni a sabar da ban san tarihinta ba, kuma ita kaɗai ce, ga wuta ba tabbas, ba zan yi ba. Ka samo wata kwamfuta ko da tsohuwar desktop ce, ka saka sabo fes, ka kwashe manhajar can ka gwada a natse, tsohuwar na ci gaba da aikinta har sai sabuwar ta tsaya da ƙafarta.

Zainab_Samaru

Ina bayan Malam a kan saka sabo. Abu biyu ka duba kafin ka zaɓi 8 ko 9. Na farko firosesa, 9 ba ta tashi a kan wanda bai kai x86-64-v2 ba, irin su Core 2 Duo sun fita kenan. Rubuta grep -o -m1 sse4_2 /proc/cpuinfo, in bai fito da komai ba ka manta da 9 a wannan na'urar.

Na biyu shi ne inda aikin gaske yake, PHP, yaren da ake rubuta irin wannan manhajar da shi. Wanda ke zuwa da CentOS 7 shi ne 5.4, da MariaDB 5.5. Tunda akwai SCLo a sabarku wataƙila an saka wanda ya fi shi sabunta, php -v da scl -l za su gaya maka. In manhajar da 5.4 take gudu, ka shiga foldarta ka yi grep -rl "mysql_connect" . don an cire su mysql_connect da mysql_query tun PHP 7.0, ita kuwa Alma ko Rocky 8 da PHP 7.2 take farawa, 9 da PHP 8.0. In grep ya fito da fayiloli to sai an taɓa kod ɗin an mayar da shi mysqli ko PDO, kuma gara ka faɗa wa shugaban makaranta tun yanzu a rubuce cewa akwai aikin da zai ci kuɗi da lokaci, kar ya zo ya ji daga baya.

Kafin nan, in ba dole ba ne a shiga sabar daga waje, ka rufe ta ta zama cikin makaranta kawai. Duba rawuta ko an buɗe mata ƙofa ta 22 (ta shiga sabar daga nesa) ko ta 80 (ta shafin yanar gizo) zuwa waje.

Sadiq_Kn

Na duba. sse4_2 ya fito, php -v ya ce 5.4.16, grep kuma ya kawo fayiloli da yawa wallahi. A rawuta na tarar an buɗe 22 da 80 duka, na rufe 22 yanzu, 80 sai na yi magana da shugaba don iyaye na duba sakamako daga gida. Batirin zan saya gobe in sha Allah, bakof kuma yau da daddare. Malam idan na samu kwamfutar gwajin, Alma 9 zan saka kai tsaye ko in fara da 8 saboda PHP ɗin?

MalamHabu

Saka 9. Gyaran mysql_ ɗin ko a 8 sai ka yi shi, to gara ka yi sau ɗaya ka samu har 2032. Ka kunna display_errors a kwamfutar gwajin kawai, ka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ka fara da na shiga da na buga sakamako. In ka ci karo da wanda ya gagara ka buɗe sabon zare ka liƙo saƙon da lambar layin, amma ka goge sunayen ɗalibai da kalmar sirrin database kafin ka turo.